Tuwo a Kan Garin Katako

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Suleja ba. Marka ce irin ta tsakiyar damina, ruwan bai zuba a huta ba, bai kuma ɗauke ba, kayan da jikata ta shanya tun ranar Lahadi har sun fara wari. Ina zaune bakin ƙofa da rediyona sai na ci karo da wasu masu ilimi su uku suna muhawara a kan abin da gwamnatocin jihohi za su iya yi don rage hayaƙin da aka ce shi ke ɗumama duniya. Ɗaya ya ce a hana yin gawayi ɗungurungum. Ɗaya ya ce a sauƙaƙa wa mata tukunyar gas. Na ukun ya ce a dasa itatuwa, a hana ƙona shara da daji, a mayar da motocin haya masu shan gas. Duk sun yi magana mai ma'ana, ban raina ko ɗaya ba. Amma daga jin muryarsu na san babu wanda ya taɓa tuƙa tuwon mutum hamsin a cikinsu. Na rage muryar rediyon, don sun tuno mini da wata damina a tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da irin wannan doka ta shigo har cikin madafata.

Sunana Asabe. A lokacin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya shekara biyu da rasuwa. Ya bar ni a gidansu na gado a cikin gari, da 'ya'ya huɗu, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Abin da ke riƙe da gidan nan kaf tukunya ɗaya ce. Ina da 'yar rumfa a tashar motocin Abuja, ta uku daga bakin ƙofar shiga, inda duk wanda ya sauko daga mota sai ya bi ta gabana. Abuja kuwa a lokacin ana tsakiyar gina ta, kuma masu gina ta a Suleja suke kwana. Daga la'asar za ka ga motoci suna sauke su, birkiloli da kafintoci da leburori da masinjojin ofis, fuska duk siminti, ciki ba komai. Tuwon masara nake ba su, da miyar kuka ko ta ɗanyar kuɓewa. Abin da ya rage a gindin tukunya shi ne abincin gidana.

Itace kuwa Laraba ke kawo mini. Bagwariya ce daga wani ƙauye can bayan Garam, gajeruwa, mai ƙarfin tsiya, kuma mai ginin tukwane idan rani ya yi. Shekara takwas tana shigo mini da hantsi, damin itace a kafaɗa kamar yadda matan garinsu ke ɗauka, ta jefar a tsakar gida ta nemi ruwa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba sai na nisa. Kowace shekara sai ta ce daji ya ƙara gudu.

Gaskiya ta faɗa. Da nake yarinya, tuddan da ke kewaye da garin nan duhu ne da su, ko namiji ba ya shiga shi kaɗai. Kafin wannan damina da nake ba da labari sun zama kamar kan da aka yi wa aski da tsohuwar reza. Manyan motoci ne ke fita da itace da gawayi dare da rana, Abuja na ci, gidajen burodi na ci, mu ma muna ci. Zafin bazara ya ƙaru, rafin da muke wanki ya fara ƙafewa tun kafin lokacinsa. Saboda haka da aka yi shela cewa gwamnatin jiha ta hana sare ɗanyen itace, ta hana lodin itace a mota, ta kuma hana cinna wuta a daji da juji, ni da bakina na ce an kyauta. Na ɗauka da masu manyan motoci ake.

Dokar ta ce busasshen itace babu laifi. To, mutanenmu ba a raba su da dabara. Sai su shiga daji su kware wa itace ɓawo zagaye, su bar shi a tsaye, bayan 'yan watanni ya mutu, su dawo su ce ai busasshe suka tarar. Da malaman daji suka gano haka sai suka daina tambayar ɗanye ko busasshe. Suka kafa shinge a hanyoyin shigowa gari, duk itacen da suka gani sun sauke shi, na mota da na kafaɗa. Ana cikin haka kananzir ya ɓace ɓat. Mutane suka jera galan a gidajen mai har layi ya zagaye, a wuni a koma gida hannu wofi. Masu risho duk suka dawo kan ɗan itacen da ya rage a kasuwa, cikin mako guda ya zama sai wane da wane.

Ranar da aka ƙwace wa Laraba kaya ta shigo a jiƙe sharkaf, tana riƙe da igiyar ɗaurin kawai. Ta zauna a kan turmi.

"Asabe, sun karɓe," ta ce. "Na ce musu iska ne ya kayar, suka ce kowa haka yake faɗi."

Na ba ta kunu. Shi ne kunu na ƙarshe da aka dama da itacenta a gidan nan.

Kwana shida na riƙe rumfata da abin da na samu. Na ƙona totuwar masara, na ƙona ɓawon gyaɗa, na ƙona tsohuwar kujera da wani gadon katako da ya karye, na ƙona ƙyauren akurkin kaji. Da na kai hannu kan tsohon turmin Inna ta ce sai dai in haɗa da ita. Daga nan tukunyata ta kife. Ruwa kuwa kamar an aiko shi. Sama ta sauko ta rufe kan Dutsen Zuma, kwanon ɗakinmu na yoyo wuri uku, tabarmi sun yi danshi, ashana ma sai ka ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Ga buhun garin masara a ɗaki, ga kuka, ga daddawa, amma muna jiƙa garin kwaki da ruwan sanyi muna sha safe da yamma. Yunwar da ake yi ana kallon abinci daban take da sauran yunwa, tana zuwa da haushi. Autata kan je ta tsuguna gaban murhu ta tona toka da tsinke, ko za ta ga ja.

Ranar Litinin, kwana tara da rufe rumfata, shugaban tasha Malam Ɗanjuma ya aiko in je. Mutumin kirki ne, abokin maigidana ne ma, shi ya sa ya kasa kallon idona.

"Maman yara, kin san dokar tasha," ya ce. "Rumfa ba ta kwana bakwai a rufe. Na ƙara miki biyu don zumunci. Ga wani mai shayi da burodi ya dame ni, shi da ɗan gawayinsa yake aiki, kuma direbobi na kuka ba su da wurin cin abinci."

"Malam, ka san ba da gangan na rufe ba."

"Na sani. Ni ma a gidana jiya ba a ɗora tukunya ba. Amma ba ni kaɗai ke da tashar ba. Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci an yi la'asar ban ga tuwonki a kan teburin nan ba, zan ba shi wurin. Ki yafe ni."

Na ce na ji. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na fito bakin titi. Wanda bai yi sana'ar tasha ba ba zai gane ba. In ka rasa rumfar bakin ƙofa, wadda za a ba ka nan gaba tana can baya kusa da makewayi, in ma an ba ka. Masu cin tuwona kuwa ba 'yan uwana ba ne, masu jin yunwa ne, duk wanda suka tarar a wurin shi ne nasu. Na goge fuskata da gefen mayafi na ce wa kaina, wallahi ko da haƙorana zan dafa tuwon nan sai na dafa shi.

A hanyar komawa na tuna da wani abu. Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudu da ke haya a bayan gidanmu, na taɓa ganin tana dafa shinkafa a kan wata garwa da ta cika da garin katako, wuta na fitowa ta rami a tsakiya. A lokacin dariya na yi mata a zuciyata, na ce wahala dai ba ta da ƙabila. Na biya ta wurinta ta nuna mini yadda ake yi, amma ta girgiza kai da ta ji girman tukunyata. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an ɗora abin da ya wuce na mutum biyar ba.

Ban koma gida ba, na zarce hanyar Madalla inda ake yankan katako, wurin da muke kira somil. Da can, tun daga nesa kake gane wurin da hayaƙi, don tsibin garin katakon nan kullum a cikin ci yake, ba ya mutuwa rani da damina, masu gidajen kusa ba sa rabuwa da tari. Ranar nan babu hayaƙi. Ashe dokar da ta raba ni da itace ita ce ta hana su cinna wa tsibin wuta, har ya taru ya kusa toshe musu ƙofa. Mai wurin wani Bayarabe ne mai tumbi, Baba Lati. Da na ce masa ina son garin katako sai ya dube ni kamar na kawo masa albishir.

"Mama, nawa kina so? Buhu goma? Carry go! Kwashe duka, har da na gobe. Abin nan ya kusa kore ni daga shago."

Na samu mai kura ya turo mini buhu shida. Na kai wa maƙerin unguwarmu tsohon duron da muke tarar ruwa, ya raba shi biyu, ya huda ƙofa a gindi daidai shigar hannu. Yana yi yana tambayata ko gasa masara zan fara. Na ce ya dai yi aikinsa.

Ga yadda abin yake, don 'yan yanzu ba su san shi ba. Za ka tsayar da taɓarya a tsakiyar duron, ka zura wani guntun ice ta ƙofar gindi har ya taɓa ta. Sai ka riƙa zuba garin katako kana dannawa, kana zubawa kana kirɓawa, har ya cika ya yi tauri. Sannan ka zare taɓaryar a hankali, ka zare guntun icen. Ka ga an samu rami daga sama har ƙasa, da hanyar iska ta gefe. A nan za ka sa 'yan ƙirare biyu ka kunna. Wutar tana cin bangon ramin ne kaɗan-kaɗan daga ciki, ta yi awa biyar ko shida ba ka ƙara mata komai ba. Da baki ke nan. Da hannu kuwa sai da ya ci mini kwana uku cikin huɗun da nake da su.

Talata ta tafi a hayaƙi. Garin ya sha ruwan marka, in ka damƙa sai ya dunƙule a hannu. Na kunna ya fi sau ashirin, ba abin da ke fitowa sai wani farin hayaƙi mai yaji, don akwai jan garin itacen maɗaci a ciki. Idanuna suka kumbura, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko lafiya. Da na ga ba ci, sai na juye duron, muka kwashe tabarmi da katifu, muka baza garin katako a ɗakunan gidan nan kaf, har ƙarƙashin gadon Inna da zaure. Muka wuni muna juya shi da ƙafa kamar masu shanyar shinkafa. Ya shiga gashinmu, ya shiga kunnuwa, ya shiga garin kwakin da muke sha. Inna ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin an kori mutane daga ɗaki an kwantar da shara ba.

Ranar Laraba da safe na sake cikawa da wanda ya fi shan iska, na haɗa ja da fari. Ashana ta uku ta kama. Wayyo, wutar nan! Siririya ce, tsaye cak, shuɗi-shuɗi daga ƙasa, tana wani ɗan gurnani, hayaƙinta bai kai na fitilar ƙwai ba. Na ɗora ruwa, kafin in gama tankaɗe ya fara motsi. Daɗi ya kama ni, na shiga ɗaki ɗebo kanwa.

Ita Inna shekararta saba'in da wani abu, kuma tun tana 'yar shekara bakwai take gaban murhu. Hannunta ba ya iya ganin wuta ya wuce. Ko a gidan biki ta je, tana gaisawa da mutane ƙafarta na tura itace. Na gaya mata wannan wutar ba a iza ta, ta ce ta ji. Ina ɗaki na ji wani ɗan ƙara, fuf, na fito na tarar da ita tsaye da sanda a hannu, ramin ya rufta, ruwa ya daina motsi, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida.

"Inna! Me na ce miki?"

"Ke 'yar nan, gani na yi ta yi ƙasa. Ɗan taɓa ta kawai na yi."

"Ba ƙasa ta yi ba, haka take ci!"

"To wace irin wuta ce ba ta son a kula ta?"

Ranar na ɗaga wa uwar mijina murya, abin da ban taɓa yi ba ko yana da rai. Har yau in na tuna sai na ji kunya. Ta shige ɗaki. Busasshen garin da ya rage bai isa wani cikon ba, muka koma juya na ɗaki da ƙafa.

Alhamis na ce yau kam sai tuwo. Na cika, na kunna, na tsaya a kanta kamar mai gadi. Ruwa ya tafasa, na yi talge, ya dahu lafiya lau. Na zuba gari na kama muciya da hannu biyu. Abin da ban lissafa ba shi ne, tuƙin tuwon mutum hamsin kokawa ce. Kana danna muciya da dukan ƙarfinka, tukunya na girgiza, kuma a murhun gargajiya duwatsu uku ne ke shan wannan wahalar. Nan kuwa tukunyar a kan bakin duro take zaune, duron kuma shi ke riƙe da garin. Juyi na huɗu na ji abin ya motsa a ƙarƙashina. Na biyar bakin duron ya lotsa, tukunya ta karkace, ramin ya rufta gaba ɗaya. Wuta ta mutu a daidai lokacin da tuwo ya fi bukatarta. Ya tsaya rabi dafaffe rabi ɗanye, duk gudaji, ko kaji sai da suka yi shawara kafin su ci. Rabin garin masarar da ya rage mini ke nan ya tafi.

Na zauna a ƙasa cikin caɓi, muciya a hannu. A haka Laraba ta shigo ta same ni. Ba itace ta kawo ba, kafaɗarta wayam, ta ce ta gaji da zaman gida ne ta zo ta ga ko muna da rai. Ta zagaya duron sau biyu, ta tura shi da ƙafa, ta leƙa ciki.

"Asabe, kai ma da wayonka," ta ce, don ita kowa kai ne a bakinta. "Gwangwani ne zai ɗauki wannan tukunya? Wuta daban, mai ɗaukar kaya daban. Ina ƙasa?"

Akwai wani tsohon suri a kangon bayan gidanmu. Muka fasa shi da fartanya cikin yayyafi, muka kwaso a kwando. Ta sa na daka fasassun tukwane, ta haɗa da ƙasar da busasshiyar ciyawar da muka zare daga rufin akurki, ta tattake da ƙafa har ya yi danƙo. Sai ta gina katanga mai kauri ta zagaye duron ba tare da ta taɓa shi ba, ta ɗara shi tsawo da yatsa uku, ta bar ƙofar iska a ƙasa, ta fitar da kafaɗu uku a sama inda gindin tukunya zai zauna. Hannunta na tafiya kamar ba ita ce ta tako daga bayan Garam da yunwa ba. Na ce mata ɗanyen gini ba zai bushe kafin gobe ba a wannan marka. Ta ce in cika duron in kunna, wutar da kanta za ta gasa gidanta.

Haka aka yi. Muka jingina sauran buhunan a jikin ginin don su ma su sha ɗumi. To, ita wannan wuta in ta kama ba a kashe ta, sai ta cinye abin da ke ciki. Ga wuta na ci a banza, unguwa kuwa cike da matan da suka kwana biyu ba su ɗora komai ba. Ban san wa ya kai labari ba. Kafin la'asar sai ga 'yan tukwane a jere a zaurena, wannan wake, wannan ruwan wankan jego, wannan kunun mara lafiya. Muka gitta ƙarfe biyu a kan duron, kowa ta ɗora ta sauke ta ba ta bayanta. Tun rasuwar maigidana gidan nan bai cika da hayaniya haka ba. Mu ma ranar muka ci ɗumi, faten tsaki da Laraba ta dama, yarana suna ci suna hura hannu.

Daga baya Laraba ba ta koma ga itace ba. Ginin irin wannan murhu ya zama sana'arta, gida-gida ake kiranta har Madalla, Baba Lati kuma da ya ga layi a ƙofarsa ya daina cewa carry go. Yanzu jikata murɗa wani abu kawai take yi wuta ta tashi, in gas ya ƙare ta zauna tana duba waya tana jiran a kawo. Ban ce ta yi laifi ba, idonta ya huta da abin da nawa ya sha. Tuddan nan ma wasu sun ɗan mayar da gashi, wasu kuma gidaje ne suka cinye su. Amma duk wannan daga baya ne. A yammacin Alhamis ɗin nan abin da na sani kawai shi ne saura mini gari na tuƙi ɗaya, ginin kuma ya tsage wuri biyu, Laraba na lallaɓa shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Juma'a ta waye da yayyafi. Laraba a wurinmu ta kwana. Ta ƙwanƙwasa ginin da ɗan yatsa, ta saurara, ta ce zai yi. Na cika duron da hannuna, ban yarda kowa ya taya ni ba, na danna har kafaɗuna suka yi tsami. Na zare taɓarya ina bisimilla. Ramin ya tsaya sumul.

Na kunna ke nan sai ga Inna ta fito daga ɗaki da 'yar kujerarta. Tun ranar Laraba ba ta yi mini magana mai tsawo ba. Ta ajiye kujerar daf da murhun, ta ɗora tafukan hannunta biyu a kai, ta zauna a kansu.

"Inna, lafiya?"

"Yi aikinki. Na san halin hannuwan nan, in ban danne su ba sai sun ja mana."

"Ki shiga ɗaki mana, ga yayyafi."

"Shekara sittin ban taɓa barin a tuƙa tuwo a gidan nan ba na wurin ba. Ba yau zan fara ba."

Haka ta zauna, tsohuwar nan, tun daga ɗora ruwa har talge, ruwa na ɗiga mata daga bakin kwano. Duk sanda harshen wutar ya ɗan rusuna sai in ga kafaɗarta ta motsa, ta cije leɓe, ta ƙara danne hannun. Na so in yi dariya, na so in yi kuka, ban samu sararin ko ɗaya ba.

Da lokacin tuƙi ya yi, Laraba ta naɗe hannu da tsumma ta riƙe kunnuwan tukunya. Na zuba gari. Juyi na farko na yi shi a tsorace. Na biyu ma haka. Sai Inna ta daka mini tsawa daga inda take.

"Ke, tuƙa tuwo kamar 'yar gidan nan! Shafa shi kike yi?"

Na danna muciyar da dukan abin da ya rage a jikina. Tukunya ta girgiza, ginin ya ɗauka. Na sake, ya ɗauka. Wata 'yar ƙasa ta ɓalle daga gefe ta faɗi, ba wanda ya kalle ta. Na yi ta juyawa har gumi ya haɗu da ruwan sama a bayana, har tuwon ya haɗe ya yi santsi ya fara numfashi. Na rufe shi ya sulala. Ana kiran sallar Juma'a muna kwasa, mu uku, don a lokacin ne Inna ta saki hannuwanta, sun yi fari sun sage, sai da ta yarfa su kafin ta iya riƙe mara.

Miya ta ci nata lokacin, mai kura kuma ya tafi masallaci, sai da muka jira shi. Muna shiga tasha ana sallame la'asar. Mai shayin nan har ya kawo bencinsa ya jingina a jikin rumfata, yana tsaye da kwalin madara a hannu. Na share teburina, na shimfiɗa leda, na sauke kular tuwo biyu da tukunyar miya, na buɗe murfi. Tururi ya tashi. Malam Ɗanjuma ya fito daga masallacin tasha yana gyara hula, ya dubi teburin, ya dube ni, ya juya ya ce wa mai shayin ya zo su zagaya baya a duba masa wani wuri.

Motar farko daga Abuja ta tsaya. Wani tsohon birkila da ya shekara biyar yana cin tuwona ya sauko yana ɗingishi, ya hango ni, ya taho kai tsaye ya zauna a benci ko hannu bai wanke ba.

"Haba Maman yara! Kwana goma sha uku muna cin burodi kamar marasa lafiya. Ina kika shige?"

Na zuba masa malmala biyu, na kwarara miya, na tura masa ruwan wanke hannu. Yatsuna duk sun yi kanta, akwai garin katako har a cikin zanena.

"Makaranta na tafi, Baba," na ce. "Na je koyon girki."